Da aka kwashe yashin Southwell: nazarin lamarin wani mai hasashen tseren dawaki a Ingila

## Mutumin da aikinsa

Mutumin da wannan nazari ya bi sawunsa tsohon ma'aikacin barga ne a gundumar Nottinghamshire da ke tsakiyar Ingila. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwashe kashin dawaki, yana fita kilisa da su tun duku-duku, har ciwon baya ya raba shi da sirdi. Bayan ya ajiye aiki sai wata 'yar ƙungiya ta jawo shi, irin waɗanda mutane da dama kan haɗa kuɗi su sayi doki ɗaya ko biyu su danƙa wa mai horarwa. Aikin da suka ba shi bai wuce shafi guda ba. Duk ranar da za a yi tsere a filin Southwell, sai ya rubuto musu dokin da yake ganin zai zo na ɗaya a kowane tsere, tare da dalilinsa. Da wannan shafi 'yan ƙungiyar ke gasar maki a tsakaninsu, da shi kuma ake yanke shawarar inda za a kai dawakinsu gudu. Ta biyun ita ce mai tsada, domin kai doki tseren da ba nasa ba asarar kuɗin mota ce, da ladan mahayi, da makonnin horo.

A Ingila tseren dawaki da caca a cuɗe suke, ba mai musun wannan. Shi mutumin ba ya zuba kuɗi, amma ya ɗauki farashin kasuwar cacar a matsayin ma'auni. A kowane tsere akwai dokin da kasuwa ta fi sa wa rai, ɗan gaban goshi, kuma irin wannan doki kan ci kusan tsere ɗaya cikin uku, ƙasa da haka a tseren da ake daidaita nauyi. Don haka ya ja layi biyu a littafinsa, ɗaya na zaɓinsa, ɗaya na zaɓin kasuwa. In layinsa bai fi na kasuwa ba, shafinsa ba shi da amfani, tunda kowa na iya buɗe jarida ya kwafo sunan ɗan gaban goshi.

## 1989 zuwa 2021: yashin da ya sani

A lokacin hunturu ƙasa a Birtaniya kan daskare ko ta jiƙe sharkaf, a yi ta soke tsere a filayen ciyawa. Wannan ya sa aka fara shimfiɗa filayen rani da damina, waɗanda aka haɗa ƙasarsu da hannu don kada ruwa ko sanyi su hana gudu. Lingfield ne ya fara a ƙarshen Oktoba 1989, Southwell ya biyo baya a Nuwamban shekarar. Wolverhampton ya shigo a 1993 da fitilunsa na dare, Kempton a 2006, Chelmsford ya buɗe a 2008 da sunan Great Leighs, ya rufe, ya sake buɗewa a 2015, sai Newcastle a 2016. Shida ke nan.

Biyar daga cikinsu sun koma ƙasa mai kaki, wato yashi da zaren roba da aka cuɗa da wani irin kaki mai kama da na kyandir. Lingfield da Kempton da Chelmsford suna kan Polytrack, ƙirar Martin Collins. Wolverhampton tun 2014 da Newcastle suna kan Tapeta, ƙirar Michael Dickinson, mai horarwar nan da dawakinsa biyar suka zo na ɗaya zuwa na biyar a Kofin Zinare na Cheltenham a 1983. Southwell kaɗai ya tsaya a kan Fibresand, yashi da zaren roba ba kaki. Yashi ne mai zurfi, mai shan ƙafa. Wanda ya taɓa sukuwa a cikin busasshen kogi da rani ya san irinsa. Dokin da ke gaba kuwa yana watsa wa na bayansa yashin a fuska da ƙarfi, har wasu dawakin kan ɗaga kai su ƙi gudu sam.

Wannan yashi ya raba dawaki gida biyu: masu son sa da masu ƙin sa, kuma masu son sa ba su da yawa. Akwai dawakin da suka yi suna a nan kaɗai, irin su Tempering da ya ci sau 22 a filin, da La Estrella da General Tufto na baya-bayan nan. Dawakin da ke da jinin Amurka, inda ake tsere a kan ƙasa zalla, sukan ji daɗinsa. Manyan masu horarwa na Newmarket, garin da ya zama cibiyar horar da dawakin tsere a Ingila, kuwa ba su cika kai dawakinsu masu tsada ba.

Hanyar mutumin a wannan zamani tambaya uku ce. Shin dokin ya taɓa ci ko ya kusa ci a wannan yashi? Shin yana fita da sauri ya kama gaba, inda yashi ba zai same shi ba? Shin makinsa ya sauko?

Ta ukun tana buƙatar bayani. Yawancin tseren waɗannan filaye na daidaita nauyi ne. Hukumar tseren dawaki ta Birtaniya kan ba doki maki, galibi bayan ya yi gudu uku, ta kuma sabunta makin duk ranar Talata. Kowane maki ɗaya laba ɗaya ce ta nauyin da doki zai ɗauka, don haka mai maki 65 zai ɗauki laba biyar fiye da mai maki 60. Doki in ya ci, makinsa ya hau. In ya yi ta faɗuwa, ya sauko. A jarida kuma gefen sunan kowane doki akwai jerin lambobi, misali 3-0070. Ta hannun dama ita ce gudun da ya yi na ƙarshe, sifili na nufin bai shigo cikin tara na farko ba, ɗan karan tsakiya kuma yana raba shekara da shekara. Harafin C na nufin ya taɓa ci a wannan fili, D a wannan nisa, CD duka biyun a haɗe.

To, masoyin Fibresand kan tafi filayen ciyawa daga Mayu zuwa Satumba ya tara sifili, makinsa ya yi ƙasa. Hukumar takan ba wasu dawakin maki biyu, na ciyawa da na yashi, amma ba kowane doki ba. Nuwamba na yi sai ya dawo Southwell da nauyi mai sauƙi da lambobi marasa kyan gani. Mai duba lambobi kawai ya tsallake shi, mutumin namu ya zaɓe shi. Shekara da shekaru layinsa na gaban na kasuwa, kuma mafi yawan ratar daga irin waɗannan dawaki take fitowa.

## Disamba 2021: sabuwar ƙasa

Kamfanin Arena Racing Company, mai Southwell da Lingfield da Wolverhampton da Newcastle, ya kwashe Fibresand a rabin ƙarshe na 2021 ya shimfiɗa Tapeta. An yi tsere na farko a kanta ranar 7 ga Disamba. Siffar filin ba ta sauya ba: zagaye ne mai juyawa hagu, kusan mil ɗaya da kwata, da miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe mai folon uku. Folon kusan mita 200 ne, takwas ne a mil guda. Akwai kuma miƙaƙƙen layin folon biyar na 'yan gajeren zango.

Abin da ya sauya shi ne duk abin da ke ƙarƙashin kofato. Gudu ya ƙara sauri. Feshin yashi ya ragu ƙwarai. Dawakin da a da kan iso layi a warwatse, tazarar tsawon doki goma ko fiye tsakanin na farko da na tsakiya, yanzu sai su iso a cure. Masu horarwar da ke gudun filin kuma suka fara aiko da dawakinsu.

## Janairu zuwa Maris 2022: ya ci gaba da tsohuwar hanya

Da farko bai sauya komai ba. Hujjarsa ita ce filin dai shi ne filin, kwanar ita ce kwanar, dokin da ya saba da hanya da bargar wurin ba zai manta ba. Ya ci gaba da bin masu harafin CD.

Harafin kuwa ba ya faɗin a kan wace ƙasa aka yi cin. Dokin da ya ci sau biyar a Fibresand yana nan da CD ɗinsa a jarida, alhali abin da ya sa ya ci an loda shi a mota an fitar. Tsofaffin gwanayen suka riƙa fita da sauri su kama gaba kamar yadda suka saba, amma na bayansu ba sa shan yashi, ba sa kuma gajiya. A folon na ƙarshe sai a zo a wuce su. Daga baya ya lura cewa da yawansu ba dawaki ne masu sauri ba tun asali. Juriya gare su da taurin kai, a inda sauran ke karaya.

Kafin ƙarshen Maris layinsa ya faɗo ƙasa da na kasuwa, abin da bai taɓa gani ba a tsawon hunturu guda. A kan shawararsa kuma ƙungiyar ta kai dokinta, tsohon masoyin Fibresand, tsere biyu a Southwell, duka biyun ya ƙare a baya.

## Afrilu zuwa Satumba 2022: Tapeta ai Tapeta ce

Gwaji na biyu ya fito daga tunani mai kama da gaskiya. Tunda yanzu filaye uku ne ke kan Tapeta, sai ya share duk tarihin Fibresand daga lissafinsa, ya maye gurbinsa da abin da doki ya yi a Wolverhampton da Newcastle. A da yana tambaya wane doki ke son wannan yashi. Yanzu ma tambayar ke nan, sunan yashin kawai ya sauya.

Ba ta yi ba, kuma dalilin na ga wanda ya taɓa kallon filayen uku. Wolverhampton ƙaramin zagaye ne na kusan mil ɗaya, kwanoninsa a matse, hanyar ƙarshe ba ta cika folon biyu ba. Dokin da ya iya shan kwana, ya kuma samu ƙofar tashi ta kusa da shingen ciki, ya riga ya yi rabin aiki. Newcastle kishiyarsa ne. Duk tseren da bai wuce mil ɗaya ba a miƙe ake yinsa ba kwana ko ɗaya, ƙarshensa hawa ne, ga iska. In iskar na dukan fuska, wanda ya ja gaba shi ke shan ta, na bayansa su fake da shi har lokaci ya yi. Southwell na tsakaninsu: akwai kwana, amma mai faɗi, hanyar ƙarshe kuma doguwa ce da za ta ishi na baya ya taso.

Saboda haka dokin da ya ci a Wolverhampton don ya manne wa shinge, in ya zo Southwell sai hanyar ta yi masa tsawo. Wanda ya ci a Newcastle bai taɓa nuna ko ya iya kwana ba. Akwai kuma abin da ya fi ba shi mamaki: dawakin da suka fito daga Polytrack na Kempton ko Lingfield, har da na ciyawa, suna zuwa su ci ba tare da sun taɓa taka Tapeta ba. Ƙasa mai kaki ba ta korar doki yadda Fibresand ke yi. Akwai masu fifita wata a kan wata, amma bambancin ƙarami ne, bai isa a gina hasashe a kansa ba.

Layinsa ya ɗan ɗago daga inda ya faɗa, bai dai kamo na kasuwa ba. A wannan tsakanin ne sakataren ƙungiyar ya tuntuɓe shi, cikin ladabi, ko zai so wani ya riƙa taya shi shafin.

## Oktoba 2022 zuwa Janairu 2023: agogo

Sai ya koma ga agogo. Tunaninsa shi ne tunda ƙasar haɗin hannu ce, ba ta sauyawa irin ta ciyawa, lokacin da doki ya yi a folon bakwai yau ana iya gwada shi da na wani a makon jiya. Ba sabon abu ba ne. A kan auna lokaci Phil Bull ya kafa Timeform, kamfanin da ke tantance ƙwazon dawakin tsere, a 1948. Ya fitar da matsakaicin lokaci na kowane nisa a Southwell daga tseren shekarar farko, ya riƙa ba kowane doki lamba gwargwadon yadda ya fi matsakaicin ko ya gaza shi. Ya kuma gyara da nauyi bisa ƙa'idar da 'yan harkar suka saba da ita: tsawon doki ɗaya daidai yake da kusan laba uku a folon biyar, laba biyu a mil ɗaya, laba ɗaya a mil biyu.

A gajeren zango, folon biyar da shida, abin ya yi aiki. A nan kowa gudu yake tun daga ƙofa har layi, don haka agogo na faɗin gaskiya.

Daga mil ɗaya zuwa sama lissafin ya rushe, ta fuska biyu. Ta farko, ƙasar ba ɗaya take kullum ba. Kusan koyaushe sanarwar hukuma kan ce tana daidai, ko daidai mai ɗan nauyi, amma in ana tsoron daskarewa ma'aikata kan sa tarakta ta yi haro mai zurfi, gudu ya ragu. Kakin ma yana taurara da sanyi, ya saki da zafi. Daren Janairu da yammacin Oktoba ba abu ɗaya ba ne ko da sanarwar ta zo iri ɗaya. Wannan ya iya gyarawa, ta hanyar gwada duk tseren rana guda da matsakaici ya cire bambancin.

Ta biyun ce ta gagare shi. A ƙasa mai kaki mahaya sun san dokinsu na iya tashi da sauri a ƙarshe, don haka sau da yawa sai su yi ta lallaɓawa har kwanar ƙarshe, sannan kowa ya saki linzami. Tseren mil ɗaya da rabi sai ya koma na folon uku. Dokin kirki na iya cin irin wannan da lokaci mara kyau, lambarsa ta fito ƙasa. Dokin banza kuma na iya samun lamba mai kyau don kawai wani ya ja su da gudu tun farko. A Fibresand wannan matsala ba ta cika tasowa ba, domin tsoron feshin yashi kan sa kowa ya nemi gaba da wuri.

## Fabrairu zuwa Satumba 2023: ya fara zana tseren kafin a yi shi

Gazawar agogon ce ta nuna masa hanya. In yadda aka raba gudun ne ke ɓata lokaci, to shi ya kamata a auna. A filayen Arena ana sa wa kowane doki 'yar na'ura a ƙyallen sirdi, ana kuma wallafa lokacin da ya yi a kowane folon. Jikarsa ce ta nuna masa inda ake samun alƙaluman a intanet.

Lissafin da ya koya mai sauƙi ne. A ce doki ya yi mil ɗaya cikin daƙiƙa 100, wato 12.5 a kowane folon. In ya yi folon biyu na ƙarshe cikin daƙiƙa 23.5, wato 11.75 kowanne, saurin ƙarshensa ya kai kusan kashi 106 cikin 100 na matsakaicin saurinsa, alamar an lallaɓa da farko. In kuwa cikin daƙiƙa 26 ya yi su, kashi 96 ke nan, alamar an ƙone tun farko kowa ya iso a gajiye. Da wannan sai ya fara ganin abin da jerin lambobin jarida ke ɓoyewa. Dokin da ya zo na biyar daga can baya a tseren da aka lallaɓa, ya kuma fi kowa sauri a ƙarshe, ya fi lambarsa. Wanda ya ja gaba a tseren da aka ƙone bai kuma faɗi ba sai a mita hamsin na ƙarshe, shi ma haka. Wanda ya ci don an bar shi shi kaɗai a gaba yana yadda ya so, makinsa zai hau a banza, kuma kasuwa za ta bi shi a tsere na gaba.

Daga nan ya sauya tsarin aikinsa gaba ɗaya. Kafin ya duba wane doki ya fi, sai ya ɗauki takarda ya jera dawakin bisa lambar ƙofarsu, ya sa wa kowanne alama daga gudunsa uku ko huɗu na baya: mai jan gaba, mai bin na gaba, ɗan tsakiya, ko mai kwanton ɓauna a baya. Sai ya ƙirga masu jan gaba. In ɗaya ne tak, kuma ƙofarsa na ciki, shi ne abin dubawa ko da lambobinsa ba su da kyau. In uku ne ko huɗu, za su cinye junansu, sai ya nemi wanda zai taso daga baya. Sai bayan wannan yake duba maki, ya gwada na yau da wanda dokin ke da shi ranar da ya yi cinsa na ƙarshe.

Sauran abubuwan ya mayar da su 'yan gyare-gyare. Mahayi ɗan koyo ana rage masa laba bakwai, ko biyar, ko uku gwargwadon yawan cin da ya yi, kuma a tseren da dawaki ke isowa a cure laba biyar ba wasa ba ce, muddin yaron ya iya. Dokin da ya ci aka sake fito da shi kafin hukuma ta sabunta makinsa yana ɗaukar ƙarin laba huɗu zuwa shida gwargwadon shekarunsa, wanda wani lokaci bai kai abin da za a ƙara masa ranar Talata ba. Tun Janairun 2018 kuma dole ne a bayyana in an yi wa doki aikin maƙogwaro don numfashi. Yana kuma duba ko an sa wa doki makarin ido, abin da ke hana shi kallon gefe, a karo na farko, musamman don yakan sa doki ya fita da zafi, abin da ke iya sauya zanen da ya yi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda 'yan ƙungiyar suka fi ƙi. Ya ce ba zai ƙara ba da zaɓi a kowane tsere ba. Ya tsaya a tseren daidaita nauyi na ƙananan ajujuwa, na biyar da na shida, daga folon biyar zuwa mil ɗaya, inda tsofaffin dawaki ke ta haɗuwa da juna mako bayan mako, halin kowanne a bayyane. Tseren sababbin dawaki ya bar shi fari fat. Da aka matsa masa sai ya kawo misalin Enable, goɗiyar da ta fara gudunta na farko a Newcastle a ƙarshen Nuwamba 2016 ba ta da lamba ko ɗaya a gefen sunanta, ta zo ta ci babban tseren Arc na Faransa a 2017 da 2018. Irin waɗannan ne manyan barguna ke kawowa ƙasa mai kaki, kuma abin da aka sani game da su yana barga, ba ya jarida. A taron da ke da tsere bakwai ko takwas, shafinsa kan ɗauki biyu ko uku.

Kafin Satumba, a tseren da ya zaɓa ya yi magana, layinsa ya kamo na kasuwa.

## Oktoba 2023 zuwa Maris 2024: ambaliya

A watan Oktoba 2023 guguwar Babet ta kawo ruwan da ya mamaye Southwell, wanda dama a kwarin kogin Trent yake, ya kuma sha ambaliya a 2007 da 2012. Aka yi makonni ba tsere, da aka dawo ma ba a bar 'yan kallo shiga ba. Ƙungiyar ta roƙe shi ya riƙa rubutu a kan sauran filayen.

Da tsohuwar hanyarsa ce da sai dai ya naɗe hannu. Sabuwar kuwa ta bi shi. Abin da ya ƙara koya shi ne halin kowane fili: Chelmsford na taimakon mai jan gaba, Lingfield na da gangara kafin kwanar ƙarshe inda ake yawan toshe wa doki hanya, Kempton shi kaɗai ke juyawa dama, Newcastle kuwa sai ya duba hasashen iska kafin ya ɗauki biro. A Lingfield ya fi shan kashi, domin zanensa na iya fitowa daidai amma dokin ya rasa ta inda zai bi.

Ya rufe littafin hunturun ranar 29 ga Maris 2024, ranar wasan ƙarshe na gasar filayen rani da damina, wanda aka mayar Newcastle daga Lingfield tun 2022. Layinsa na gaban na kasuwa da 'yar tazara. Dokin ƙungiyar, wanda aka daina kaiwa Southwell aka nema masa tseren da ba mai jan gaba sai shi, ya ci sau ɗaya a Chelmsford.

## Hukunci

Ratar da yake da ita kafin 2021 ba ta dawo ba, kuma ba alamar za ta dawo. Ba gwanintarsa ce ta ragu ba. Fibresand ne ke yi masa mafi yawan aikin: yashin na fitar da rabin dawakin daga tsere kafin a kai kwana, shi kuma ya san waɗanda za su rage. Sani ne na gaske, amma na ƙasa guda, kuma ya yi tsada ne saboda mutane kaɗan suka damu su tara shi.

Gwajin farko da na biyu kuskure ɗaya ne, domin duka biyun sun ɗauka cewa ƙasa ce ke zaɓen mai ci. Na uku ya fi su kusa da gaskiya, ya dai auna jimillar gudu a inda rabonsa ne ke yanke hukunci. Na huɗu ya yi aiki saboda a ƙasar da kusan kowane doki ke iya gudu a kanta, a kuma tseren da hukuma ta daidaita nauyi da gangan don su iso tare, abin da ya rage ya raba su shi ne wurin da kowanne ya samu da ƙarfin da ya ɓatar kafin kwanar ƙarshe.

Sai dai a yi hattara da sakamakon. Hunturu guda da tsere biyu ko uku a taro ba su da yawan da za a rantse a kansu, kuma 'yar tazara irin tasa sa'a kaɗai na iya kawo ta ko ta ɗauke ta. Alƙaluman folon-folon ɗin ma a buɗe suke ga kowa, masu kwamfuta sun riga shi gani, farashin kasuwa ya riga ya haɗiye mafi yawansu. A ganina, wani kaso mai kauri na gyaruwar layinsa bai zo daga abin da ya ƙara sani ba, ya zo ne daga tseren da ya daina taɓawa. Wannan kuwa littafinsa ba zai iya rabewa ba, tunda ya fara zanen da rage yawan zaɓin a wata guda.

Inda amfanin ya fi fitowa sarari shi ne wajen zaɓar wa dokin ƙungiyar tsere. Ana fitar da sunayen waɗanda aka rubuta kwanaki kafin ranar, a tabbatar da masu gudu saura kwana biyu. Yanzu yakan duba jerin farko ya ƙirga masu jan gaba, in sun kai uku ya ce wa mai horarwa a bar dokin a barga a jira na mako mai zuwa.